Haƙoran Kurciya

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya fama da zafin walda? Ni dai ga ni nan, gwiwoyi suna ta ƙorafinsu, kunnuwa kuwa ka san sun daɗe da yin ritaya. Wayar da ka saya mini tana cikin akwatin zare. Ko da ina ji, kai ka ce a wurin dam ɗin naku sai an hau tankin ruwa ake samun layi. Gara mu ci gaba da takarda, tun da direban da ke kai muku kaya bai taɓa ƙin karɓa ba.

Maganar ƴarka ce ta sa na ɗauki biro. Tun rasuwar uwarta Kurciya take hannuna, kuma ka sani ban taɓa kawo maka ƙararta ba. Lalurarta ta galahanga na san hawanta da saukarta. Ba ta magana sai kalma biyu zuwa uku, ba ta son hayaniya, ba ta yarda a taɓa mata fuska. In aka bar ta da gwangwanin maɓallaina sai ta wuni tana jera su tana ƴar waƙarta a maƙogwaro. To wannan yarinyar ce yanzu na kasa ganewa.

Ta koma dukan kuncinta na dama da dunƙulallen hannu, har wurin ya yi baƙi. Abinci in na ajiye ture shi take yi. Biskit ɗin da take bina har banɗaki a kansa, jiya jifa ta yi da shi. Sannan a makaranta ta ciji malamarsu. Na je na ga hannun da idona, Dogo. Shatin haƙora ne cif, har da jini. Shugabar makarantar ta yi mini magana da ladabi, amma ƙarshenta dai cewa ta yi in riƙe ta a gida sai ta natsu.

Na kai ta asibiti. Ta shige ƙarƙashin tebur, likitan bai iya kusantarta ba. Ya ce yara masu irin lalurarta sukan canja hali in sun fara girma, ya rubuta mana wani maganin ruwa na kwantar da hankali. Yanzu barci take wuni yi, amma ko a cikin barcin hannun yana kan kunci.

Matar yayanka ta aiko mini cewa akwai gidan da ake ajiye irin waɗannan yara. Ban ba ta amsa ba, don amsar da ke bakina ba ta aikawa ba ce.

Ka gaya mini abin da ka gani.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya lau, sai dai idanu da ke ɗan yaji saboda wutar walda.

Gwaggo, na karanta wurin cizon nan na sake karantawa, na kasa haɗa shi da ƴata. Yarinyar da in tururuwa ta hau ƙafarta tsayawa take cak sai ta sauka da kanta? Ita ce za ta ciji mutum har jini? Na bar abincina a kan benci na fita, abokan aiki suna ta tambayata lafiya.

Ko wani yana dukanta a makarantar? Don Allah ki duba jikinta da kyau in kina yi mata wanka. Ko an sauya musu aji, ko an kawo sabon malami? Kin san ko kujera aka matsar a ɗaki sai ta kwana biyu ba ta huce ba.

Na nemi hutu, shugaban aikinmu ya ce babu wanda zai motsa sai an gama haɗa ƙofofin dam kafin ruwa ya sauka sosai. Ki ci gaba da ba ta maganin yadda likita ya ce, shi ya sani. Maganar gidan ajiye yara kuwa, ki gaya wa matar Yaya ina da rai.

Ki shafa mini kanta in ta yarda.

Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Sallama da fatan alheri. Muna nan, amma ba zan ce maka lafiya ba.

Babu mai dukanta, kuma ba hali ta canja ba. Haƙori ne.

Da safe na tashe ta na ga kuncin ya ɗago kamar ta ƙunshe lemo. Na ɗauka dukan da take yi ne. Sai ta yi hamma a gabana, wani wari ya buge ni. Na jira sai da maganin ya ɗauke ta, na ɗauko fitilar keken ɗinkina, na ɗaga leɓenta a hankali da bayan cokali. Dogo, turamen ciki baƙi ƙirin. Ɗaya ya rufta, rabinsa babu. Dasashin gefensa ya yi ƙurji yana fitar da ruwa.

Kullum ina miƙa mata buroshi da man goge baki, kullum ina ganin kumfa a bakinta, ina cewa madalla. Ashe tauna kan buroshin kawai take yi. Ni kuma ban taɓa leƙawa ba, don na san ba ta so.

Na ja ta zuwa wurin mai haƙori na bakin titinmu. Kada Allah ya maimaita mini. Fitila a ido, injin yana ƙara har ni kurma ina jinsa a ƙashina, ga warin magani. Mutum uku suka danne ta a kan kujera, ni ma da hannuna a ciki. Ta fizge, ta ture tiren kayan aiki, ta fita a guje ba takalmi. Mai gyaran taya ne ya tare ta dab da kwalta. Mai haƙorin ya ce shi ba zai iya ba, ya tura mu babban asibiti, sashen haƙoran yara.

Can muka samu wata likita, ƴar siririya, ba ta kai ka shekaru ba. Ba ta ce a hau kujera ba. Ta kashe babbar fitila, ta cire farar rigarta, ta zauna a ƙasa nesa da Kurciya, ni take yi wa tambaya tana rubuta mini a takarda in ban ji ba. Ta tambaye ni me take ci, me ake ba ta a makaranta. Na ce alewa, duk aikin da ta yi daidai a ba ta ɗaya, haka suke koyar da su. Ta tambaye ni ko tana ajiye abinci a kunci. Na ce tun tana ƙarama, har barci takan yi da loma. Ta karɓi kwalbar maganin nan ta karanta bayanta, ta ce shi ma rabinsa sukari ne, kuma da shi take kwanciya.

Da ƙyar ta samu leƙawa sau ɗaya, lokacin da yarinyar ta buɗe baki za ta yi kuka. Ta ce irin wannan ɓarnar ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Ta yiwu ta fi shekara tana jin ciwo, yanzu ne dai ya kai inda ba za ta iya dannewa ba. Na ce shekara? Ta ce, "Mama, yaron da ba ya magana da jikinsa yake faɗa. Ta daɗe tana gaya muku."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Tana nuna mana wurin da hannunta, mu kuma muna ɗura mata maganin barci.

An ba mu maganin kashe ƙwayar cuta da na zafi. Amma aikin kansa, hoto da cirewa da ciko, ta ce ba zai yiwu tana farke ba. Sai an yi mata allurar barci a ɗakin tiyata a gama duka lokaci ɗaya. Suna son amincewar uba. Ka rubuto da hannunka ka ba direba.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya saka miki da alheri.

Tun da na karanta takardarki bakina ya ƙi karɓar abinci. Zuwana na ƙarshe na ga tana cin burodi da gefe ɗaya tana karkata kai, na yi dariya na ce sabon salo ta fito da shi. Shekara guda, Gwaggo!

Amma maganar allurar barci, ki yi haƙuri, ban yarda ba. Ke kina wurin ranar da aka shiga da uwarta tiyatar haihuwar ƙanin Kurciya. Da ƙafarta ta hau gadon, tana ce mini in je in sayo mata ruwan sanyi kafin ta fito. Ni na sa hannu a takardar. Cewa suka yi barci ne kawai za ta yi. Na tsaya da robar ruwa a hannu har ta huce, aka fito aka ce mini har yanzu ba ta farka ba, daga baya aka ce babu ita babu jaririn.

Ba zan sake sa wannan hannun ba. A ba ta magani kumburin ya sauka. In aka sallame mu daga aiki zan zo da kaina in riƙe ta a jikina, a yi mata allurar dasashi a cire ɗaya bayan ɗaya, ko wata nawa za a ɗauka. Ni tana yarda in rungume ta. Don girman Allah kada ki bari su sa ta barci ba na nan.

Dogo

*

Dogo,

A tsaye nake rubutu, direba yana jirana a ƙofar asibiti, ya ce hadari ya haɗo. Kumburin ya kai idonta, zazzaɓi ya ƙi sauka, ba ta iya haɗiyar ruwa. Na ga takardarka, amma na sa hannu. An shiga da ita tun safe, an fito da ita. Har yanzu ba ta farka ba. Ka yi addu'a.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba.

Direba ya miƙo mini ƴar takardarki, na tambaye shi me ya gani, ya ce shi dai ya gan ki kina kuka a baranda. A bayansa ruwa ya ɓalle, gadar da ke tsakaninmu da babban titi ta tafi. Shi ma yana nan tare da mu, babu shiga babu fita. Na je bakin kogin da jakata, masu gadi suka riƙe ni.

Na hau tanki. Wayarki a kashe. Na samu Yaya, na ce masa an yi wa Kurciya allurar barci ba ta farka ba, ya je ya gano mini. Ban ji amsarsa ba layin ya yanke, tun daga nan kuma ko ɗigon layi babu. Kullum sai na hau. Mutane sun fara kallona suna sunkuyar da kai. Wani dattijo mai tuƙa katafila ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, na kusa kai masa duka.

Har yanzu ba ta farka ba. Haka aka ce mini a kan uwarta, kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Na roƙe ki. Da sunan Allah na roƙe ki, kika karanta kika ajiye gefe. Ƴata ce ko taki? Wa ya ba ki iko? In gajiya kika yi da ita, da sai ki faɗa mini in zo in ɗauki abata, ba ki miƙa ta a yi mata abin da aka yi wa uwarta ba. Na san ɗawainiyarta da nauyi, na san kin tsufa. Amma ba haka ake sauke kaya ba.

In ta tafi, kada ki rubuto mini. Ki bar Yaya ya faɗa mini.

Zan jefa wannan a jakar wasiƙun ofis, duk ranar da hanya ta buɗe ta iso ki.

Dogo

*

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Kafin komai: ƴarka tana nan da ranta, tana zaune kusa da ƙafata tana shan madara da cokali. An ce ana gyaran gadarku, wani direban kamfanin zai shiga da zarar an gama, shi zan ba wa wannan.

Motar direba ba ta gama fita daga harabar asibiti ba ta buɗe ido. Ta yi amai, ta fizge robar ƙarin ruwa, ta ce "a'a" da ƙarfi. Ban taɓa jin daɗin wannan kalmar irin na ranar ba. Na bi bayan direban da gwiwoyin nan nawa, ya riga ya yi nisa. Likitar da ta yi mata allurar barcin ta ce jinkirin ba wani abu ba ne, maganin kwantar da hankalin da take sha ne ya ƙara mata nauyi. Sai daga baya na tuna abin da na rubuta maka, da wanda na rubuta wa. Na so in mari kaina.

An cire mata huɗu daga haƙoran yarinta, waɗannan dama za su yi famfara. An yi ciko a turame biyu. Amma turmi ɗaya na dindindin, wanda ya jawo ƙurjin, bai ceto ba. Wannan ya tafi ke nan, tana shekara takwas. Likitar ta nuna mini shi a ɗan faranti, ciki rami ne har ƙasa. Ta ce da an ƙara jinkiri, kumburin zai iya sauka maƙogwaro ya toshe numfashi. Na san na saɓa maka. Ko yau aka mayar da ni wurin, zan sake sa hannu.

Yanzu ka gyara zama ka ji abin da wayarka ta haifar.

Bayan an sallame mu, wata safiya ina dama mata abin sha, sai na ga inuwar mutane a tsakar gida. Ka san ba na jin sallama. Na leƙo, sai ga yayanka, ga matarsa, ga ƙannen uwar Kurciya su biyu, ga wasu mata da rabona da su tun bikinka. Mota guda suka cika. Ido duk ya yi ja. Matar yayanka ta faɗo jikina tana kuka. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, ƙarfe ya faɗo wa Dogo. Na ce, "Yaushe ya rasu?" Suka dubi juna. Yayanka ya matso kusa da kunnena ya ce ai gaisuwar yarinya suka zo, kai da bakinka ka gaya masa ba ta farka ba.

Kafin in haɗa kalma sun shimfiɗa tabarmi sun zazzauna. Kurciya tana ɗaki, ta ga baƙi ta shige bayan labule kamar yadda ta saba.

Sai matar yayanka ta riƙe hannuna. Saboda ta san kunnena, da ƙarfi ta faɗa, kowa ya ji. Ta ce, "Gwaggo, sai haƙuri. Amma in an duba, ita ta huta, ke ma kin huta. Irin waɗannan yaran dama ba masu zama ba ne." Na duba fuskokin sauran. Dogo, kai suke gyaɗawa. Har da ƙannen uwarta.

Shekara uku yarinyar nan tana gidana, babu wanda ya taɓa tako ƙafa ya ce ya take. Ranar da suka ji ta mutu, kafin rana ta yi zafi sun iso.

Na tashi na ɗage labulen.

Ta fito tana bin bango, kunci bai gama saɓewa ba, ga ɗigon madara a gaban riga. Ɗaya daga cikin matan ta ƙwalla ƙara ta yi waje, takalminta ɗaya har yanzu yana nan. Yayanka ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa, salati yake son yi ya kasa kai shi ƙarshe.

Tun da aka yi aikin ta samu wata sabuwar ɗabi'a, duk wanda ta gani sai ta nuna masa giɓin. Ni ta yi wa, ta yi wa mai kawo mana ruwa. To cikin duk mutanen nan, matar yayanka ta nufa. Ta kama ɗan yatsanta, ta wangale baki, ta kai shi daidai ramin turmin ta riƙe. Yarinyar da ba a taɓa wa fuska. Matar ta sandare, yatsa a bakin wadda ta gama cewa ta huta, hawaye na zuba, ta kasa janyewa.

Na ce musu abin da na dama ba zai ishi baƙi ba. Suka tattara tabarmina suka jingine, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Yayanka ne kawai ya tsaya. Ya zauna a bakin ƙofa ya rufe fuska da hula, ya daɗe. Ya ce ya yi ta neman layinka ya kasa. Tun ranar ya dawo sau biyu, ya kawo mata ayaba.

Ta daina dukan kunci. Ta daina shan maganin nan, likita ya janye shi a hankali. Makaranta sun ce ta koma, na ce musu da sharaɗin babu alewa, su nemi wani abin yabon.

Ka kwantar da hankalinka ka ci abinci.

Gwaggonka

*

Gwaggo, Gwaggo,

Alhamdu lillahi. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kurciya, ban san sau nawa ba.

Layin farko kawai na iya karantawa. A nan gaban ofis na zauna cikin taɓo. Dattijon katafila ne ya karɓi takardar ya ƙarasa karanta mini, da ya kai wurin mai takalmi ɗaya sai da ya tsaya ya share ido don dariya. Ni ban iya dariyar ba. Kai suke gyaɗawa, Gwaggo? Har ƙannen uwarta, waɗanda na ɗauka in na faɗi su za su riƙe ta?

Amma ba wannan ya sa nake sauri ba. Kafin hankalina ya dawo, motar farko ta juya ta tafi da jakar wasiƙun ofis. Akwai tawa a ciki, wadda na rubuta lokacin da na ɗauka ta rasu. Don Allah in ta iso kada ki buɗe. Ki sa ta a wuta. Ba ni da hankali lokacin da na rubuta ta. Wannan na ba wa wani mai babur, ina roƙon Allah ta riga waccan.

Kin ceci ranta, ni kuma da taurin kaina da na kashe ta. An ba ni hutu ƙarshen wata.

Ɗanki, Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kumburi ya saɓe gaba ɗaya, jiya ta ci shinkafa har ta miƙo kwano a ƙara.

Mai babur ɗinka ya makara. Na buɗe, na karanta.

Da na kai inda ka ce ba haka ake sauke kaya ba, na ninke takardar na je na wanke kwanukan da na riga na wanke. Daga matar yayanka ban yi mamaki sosai ba, ba ta taɓa kwana da yarinyar ba. Amma kai, da na goya ka a bayan nan lokacin da uwarka take jinya, kai ma da abu ya yi zafi can tunaninka ya tafi.

Bari in gaya maka gaskiya tun da ka taɓo. Ina gajiya. Akwai ranar da nake shiga banɗaki in rufe ƙofa don kawai in zauna ni kaɗai. Amma ban taɓa tashi da safe na so in ga shimfiɗarta babu kowa ba. Na san tsoro ne ya yi magana da bakinka, shi ya sa ban rufe maka ƙofa ba. Sai dai ba zan ce maka ta wuce ba. Haƙurin da ka bayar a takarda ka zo ka ba da shi a gabana, da ƙarfi yadda zan ji.

Ga aikin da ke jiranka. Likitar ta ce ba ta son a sake kai yarinyar nan ɗakin tiyata saboda haƙori, don haka duk mako muna zuwa, ba don a yi mata komai ba, don ta saba. Zuwan farko a ƙofa muka tsaya muka juyo. Na biyu ta taɓa kujerar. A gida kuma an koya mini in tsaya a bayanta gaban madubi, kanta a jikina, in goge gefe ɗaya in ƙyale ta, an jima in goge ɗayan. Man da ba ya yaji aka ba mu. Wata rana ta yarda, wata rana buroshin ya kwana a bayan kabad. Hannuna rawa yake yi, Dogo, ba na kaiwa ga na can ciki. Wannan aikin safe da yamma ne har ta girma, kuma ba da takarda ake yinsa ba. Ka yi tunanin aikin da zai bar ka kana kwana a gida.

Makon jiya likitar ta ce in hau kujerar Kurciya ta gani, ai in ta ga babba ya buɗe baki bai mutu ba za ta yarda. Na hau ina taƙama. Matar nan ta leƙa ta ce, "Mama, ke ma kina da ruɓaɓɓu biyu." Ban san lokacin da na sauko ba. Kurciya na ganin na sauko da sauri ta yi hanyar ƙofa, aikin mako uku ya rushe.

Saboda haka na gaya wa likitar ubanta yana zuwa, ƙato ne, da wuta yake aiki, ba ya tsoron komai. Ta rubuta ka. Kai za ka fara hawa, ƴarka tana kallo. Ka wanke bakinka da kyau kafin ka taho, kuma duk abin da aka gani a ciki, ka zauna daram ka yi murmushi.

Gwaggonka